Mala'iku Da Labarun Annabawa Cikin Zane-zanen Turawan Dā

Cikin littattafan tarihin Turai da mu ke karantawa, da wuya a buɗe guda ba a iske surar wani saurayi mai fukafukai ba, ko dai yana tsaye gaban wata mace mai shuɗin mayafi, ko kuwa ya riƙe hannun wani tsoho mai wuƙa. Ran da muka fara cin karo da irin wannan a aji, sai muka rabu biyu. Waɗansunmu suka yi maza suka juya shafi suna neman tsari, waɗansu kuwa suka yi dariya, suka ce ashe Turawa sun ga mala'ika har sun san launin gashinsa. Sai wani ɗan'uwanmu da ya girme mu ya ce, “To, 'yan'uwa, gobe in an ba ku aji, yaro ya miƙe ya ce, ‘Malam, haka Jibrilu ya ke?’ me za ku ce masa?” Duk muka yi tsit, gama mun san juya shafi ba amsa ba ce, dariya kuwa ba ta fi shi ba.

Amsar a taƙaice ita ce a'a, ba haka ya ke ba. Amma malamin da ya tsaya nan ya bar yaro da wata tambaya wadda ta fi ta fari, watau in ba haka ya ke ba, me ya sa mutane masu hankali suka ɓata shekaru da dukiya suna zana shi haka? Wannan ita muka bi diddiginta, ga kuma abin da muka samu, ko ya yi wa wani amfani ran da aka ba shi alli da allo.

Dalilin Da Ya Sa Aka Yi Su

A zamanin da a ke waɗannan zane-zane, yawancin mutanen Turai ba su iya karatu ba. Littafinsu na addini kuma da harshen Latin ya ke, da shi a ke karanta shi a majami'a, talaka kuwa ba ya jin Latin. Littafi kansa abu ne mai tsada, da hannu a ke kwafe shi, don sai wajen shekara ta 1455 Gutenbag ya buga Baibul na farko da injin ɗab'i a birnin Mainz ta ƙasar Jamus. Saboda haka manomi ko masaƙi, in yana son ya san labarin Annabi Nuhu ko na Annabi Yusufu, sai dai ya ji daga bakin mai wa'azi, ko ya ɗaga kai ya duba bango.

Tun wajen shekara ta 600 Paparoma Giregori Babba ya rubuta wa wani bishop na birnin Marsai, wanda ya farfasa surorin da ke cikin majami'unsa domin ya ga mutane suna yi musu sujada. Paparoma ya yaba masa a kan hana sujadar, amma ya zarge shi a kan farfasawar. Hujjarsa ita ce, abin da rubutu ke yi wa mai karatu, shi sura ke yi wa wanda bai iya ba. Wannan magana ta zama madogara ga masu zane na Turai ta yamma har ɗaruruwan shekaru. Ashe tun asali an ɗauki zane a matsayin rubutu, rubutu kuwa karanta shi a ke yi.

Masu biyan kuɗin aikin su ne sarakuna da manyan majami'a da attajirai da ƙungiyoyin masu sana'a. A kan rubuta sharaɗi da mai zane, a faɗi labarin da a ke so, da girman allon, da lokacin gamawa, wani lokaci har da irin launin da zai sa. Mai zane a wancan zamani mai sana'a ne kamar maƙeri ko baduku, yana da rumfarsa da yaransa masu koyon aiki.

Fentin Mai

Kafin ƙarni na 15, yawancin masu zane a kan allo da kwanduwar ƙwai su ke kwaɓa garin launi. Wannan fenti yana bushewa nan da nan, ba ya ba mutum damar gauraya launi da launi a kan allo. Fentin mai kuwa dabam ne. Da man irin wani tsiro a ke kwaɓa shi, tsiron da a ke saƙa kittani da zarensa. Wannan mai ba kamar man gyaɗa ba ne, wanda ko an shekara da shafa shi yana nan da danshi. Shi in ya sha iska a hankali sai ya daskare ya yi tauri, haske kuma yana ratsa shi. Yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, don haka mai zane ya sami sararin gyara da sassauta inuwa yadda ya ga dama.

Ga yadda su kan yi a ƙasar Filandas, wadda yawancinta ke cikin Beljiyam. A haɗa katako, a shafe shi da alli da aka kwaɓa da danƙon fata, a goge ya yi sumul, fari fat. Sa'an nan a zana siffar abin da a ke so, kana a bi da launi siriri, a bari ya bushe, a sake bi da wani bisa wani. Wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi ya ga yadda marini ke tsoma zane a baba, ya fitar ya sha iska, ya sake tsomawa har shuɗin ya nuna, zai gane wannan. Haske ya kan ratsa shafe-shafen nan, ya tarad da farin alli a ƙasa, ya komo ga idon mai kallo, shi ya sa jan alkyabba ke yi kamar garwashi.

Launin da ya fi kowane tsada shi ne wani shuɗi da a ke niƙawa daga dutsen lazuwardi, wanda a ke haƙowa a duwatsun Badakshan ta ƙasar Afganistan, a bi da shi ta hannun fatake har birnin Fenis. Tsadarsa ta kan yi kusa da ta zinariya. Wannan yana cikin dalilan da suka sa a kan keɓe shi ga mayafin Maryamu, don a nuna girmanta da abin da ya fi kome tsada. In mun ga mace mai shuɗi a irin waɗannan zane-zane, galibi ita a ke nufi.

An daɗe ana cewa Yan Fan Aik, wanda ya rasu a birnin Buruj a 1441, shi ya ƙago fentin mai. Wani marubucin Italiya mai suna Basari shi ya baza wannan magana cikin littafinsa na 1550, amma ba gaskiya ba ce. Tun ƙarni na 12 wani malamin zuhudu mai suna Tiyofilas ya rubuta yadda a ke kwaɓa launi da mai, a 2008 kuma masu bincike suka bayyana cewa akwai mai cikin zanen kogunan Bamiyan na Afganistan, waɗanda aka yi wajen ƙarni na 7. Abin da Fan Aik ya yi shi ne ya gwanance da shi har ya kai inda ba wanda ya taɓa kaiwa gabansa.

Daga Ina Fukafukan Suka Fito?

Mai zane yana da matsala uku da mai ba da labari ba shi da su. Allonsa ba shi da murya. Ba ya iya nuna jiya da gobe, sai ƙiftawar ido guda. Ba ya kuma iya nuna abin da ido ba ya gani. Duk abin da za mu gani na baƙon al'amari cikin waɗannan zane-zane, in mun duba da kyau, dabara ce ta warware ɗaya daga cikin ukun nan.

Mu fara da fukafukai. Mu da muka yi makarantar allo mun san farkon Suratu Faɗir ya ambaci mala'iku masu fukafukai bibbiyu da uku-uku da hurhuɗu, mun kuma san cikin Suratu Maryam mala'ikan ya bayyana gare ta da siffar mutum cikakke. A cikin Baibul ma, mala'ikun da aka aiko wa mutane galibi da siffar mazaje su ke zuwa, kamar baƙin nan uku da suka sauka wa Annabi Ibrahim. Littafin Ishaya ya ambaci waɗansu masu fukafukai shida, amma Linjilar Luka, inda aka ba da labarin zuwan Jibrilu wurin Maryamu, ba ta faɗi siffarsa ba ko kaɗan. Shi ya sa Kirista na farko, a zanen da suka bari cikin kaburburan ƙarƙashin ƙasa na birnin Rum, suka yi mala'ika kamar saurayi mai farar riga, ba fiffike. Wahalar ita ce mai kallo ba zai rarrabe shi da sauran mutanen da ke cikin zanen ba. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 4 masu sassaƙa da masu zane suka ari siffar da Girkawa da Rumawa suka saba yi wa nasarar yaƙi, watau mace mai fukafukai biyu, suka sa wa mala'iku. Tun daga nan fiffike biyu ya zama kamar harafi, ma'anarsa: wannan manzo ne daga sama.

Shaidar cewa alama ce, ba siffa ba, tana cikin aikin Fan Aik kansa. A babban allon da shi da wansa Hubat suka yi wa majami'ar birnin Gent, wanda aka gama a 1432, akwai taron mala'iku suna waƙa, waɗansu suna kaɗa kayan kiɗa, amma ba ko ɗayansu mai fiffike. Wurin da aka ajiye su, can sama kusa da kursiyi, ya isa ya faɗi ko su wane ne, sai mai zane bai ga bukatar harafin ba.

Haka kuma kowane babban mala'ika aka ba shi abin riƙo don a gane shi. Jibrilu ya kan riƙe farin furen lili ko sandar manzanci. Mika'ilu ya kan sa sulke, da takobi a hannu, wani lokaci da ma'auni na auna rayuka, da wani dodo ƙarƙashin ƙafarsa. Rafa'ilu ya kan riƙe hannun wani yaro mai ɗauke da kifi, kare yana biye da su, wannan kuwa daga littafin Tobit ne, wanda Katolika ke lissafawa cikin Baibul, Furotesta ba sa lissafawa. Jariran nan masu ƙiba da 'yan fukafukai kuwa, kamar biyun da suka yi tagumi a gindin zanen da Rafayel na Italiya ya yi wajen 1512, wanda ke birnin Diresdin ta Jamus, asalin siffarsu daga gumakan soyayya na Girkawa da Rumawa ne, ba daga wani littafin addini ba.

Bushara Ga Maryamu

Bari mu gwada karanta zane guda tun daga sama har ƙasa. Shi ne wanda Fan Aik ya yi wajen 1434 zuwa 1436, a kan zuwan Jibrilu da bushara. Ba shi da girma: tsawonsa kamar ƙafa uku, faɗinsa ƙafa guda da 'yan inci. Sarkin Rasha Nikolas na ɗaya ya saye shi a 1850, gwamnatin Sobiyet ta sayar wa wani attajirin Amurka mai suna Andiru Melon a 1930, shi kuwa ya ba da shi kyauta ga babban gidan zane na birnin Washinton.

Linjila ta ce a Nazarat abin ya faru, ƙauye a ƙasar Falasɗinu. Amma Fan Aik ya sa Maryamu cikin doguwar majami'a irin ta ƙasarsa, da ginshiƙai da tagogin gilashi, irin ginin da babu shi a duniya a zamaninta. Ba jahilci ya sa shi ba. Yana so ne mai kallo ya ji abin kamar a garinsu ya faru, kamar yadda mai wa'azi a wurinmu ya kan kawo misali da kasuwa da rijiyar da masu sauraro suka sani. Jibrilu yana hagu, yana murmushi, da kambi a kai, da alkyabba ja mai surfanin zinariya irin wadda manyan limaman majami'a ke sawa ran idi, fukafukansa kuwa launi-launi kamar bakan gizo. Maryamu tana dama cikin shuɗi, littafi buɗe a gabanta, ta ɗaga hannuwa biyu. A gaba akwai tulu da fararen furanni, alamar tsarkinta. Daga wata taga ta sama haske ya sauko zare bakwai, da farar kurciya a kan guda, wadda Kirista ke nufin Ruhu Mai Tsarki da ita.

To, yaya za a yi da magana, tun da allo ba shi da murya? Sai ya rubuta gaisuwar mala'ika da ƙananan haruffan zinariya suna fita daga bakinsa zuwa wajenta. Amsarta kuwa, inda ta ce ita baiwar Ubangiji ce, ya rubuta ta a kife, ƙasa a sama. Wanda bai sani ba sai ya ce kuskure ne. Masana sun bayyana cewa da gangan ne, gama amsar ba ga mai kallo aka yi ta ba, ga Wanda ke sama aka yi ta.

Yaya kuma za a yi da jiya, tun da allo lokaci guda ya ke nunawa? Sai ya zana labarun dā a daɓen da su ke tsaye a kai. In aka sunkuya aka duba, za a ga Annabi Dawuda yana sare kan Jalutu, da Samson yana rushe ginin Filistiyawa. Kirista suna ɗaukar waɗannan labaru a matsayin share fage ga zuwan Almasihu, don haka mai zane ya sa su ƙarƙashin ƙafa, kamar harsashin gini. Allo mai faɗin ƙafa guda ke nan, amma an cusa masa wa'azi cikakke, ba kuwa abu guda a ciki da aka sa don ado kawai.

Wuƙa Da Rago

Labari na biyu kowane ɗanmu ya san shi, don shi mu ke tunawa kowace Babbar Salla. Sai dai akwai bambanci da ya kamata malami ya sani. Littafin Farawa, sura ta 22, ya ambaci sunan ɗan, ya ce Ishaku ne. Suratus Saffat ba ta ambaci sunansa a wurin ba, mafi yawan malamanmu kuwa sun tafi a kan Isma'ila ne. A Alƙur'ani uban ya gaya wa ɗan, ɗan ya yarda; a Littafin Farawa yaron tambaya ya ke a hanya ina abin yankan. Masu zanen Turai Littafin Farawa suka bi.

A can an ce mala'ika kiran Ibrahim ya yi daga sama. Amma kira ba ya zanuwa. Don haka masu zane suka mai da murya ta zama hannu: mala'ika ya sauko ya cafke wuyan hannun mai wuƙa. Wannan riƙo ba ya cikin nassi, fassara ce ta mai zane.

Mutum biyu da suka shahara sun zana wannan wuri, kowa da inda ya sa nauyi. Karabajo na Italiya, wanda aka haifa a 1571 ya rasu a 1610, ya yi nasa wajen 1603 domin Mafeyo Barberini, wanda daga baya ya zama Paparoma. Zanen yana gidan Ufizi a birnin Fulorans. Tsoho mai sanƙo ya danne wuyan yaro a kan dutse, yaron ya buɗe baki yana kururuwa, idonsa a kan mai kallo. Mala'ika, saurayi, ya riƙe hannun tsohon da hannu guda, da ɗayan yana nuna rago, wanda kansa ke dab da kan yaron. Karabajo ya saba ya sa mutane na sosai su tsaya gabansa yana zana su yadda su ke, da tamojinsu da dauɗarsu. Saboda haka tsohon nan wani mutumin Rum ne da aka biya ya tsaya, ba kowa ba.

Rembarant na ƙasar Holan, wanda aka haifa a 1606 ya rasu a 1669, ya yi nasa a 1635, yana ɗan shekara 29. Zanen yana gidan Hamitej a birnin San Fitasbag ta Rasha, tsawonsa ya ɗara ƙafa shida. Shi bai nuna fuskar yaron ba sam. Tafin hannun uban ya rufe ta duka, ya tura kan baya, maƙogwaro ya fito fili, haske kuwa duk ya taru a jikin yaron. Mala'ika ya ɓullo ta baya daga cikin gajimare ya kama hannun, tsohon ya waiwayo a ruɗe, wuƙa ta suɓuce. Ga ta nan tsakanin sama da ƙasa, ba ta hannu, ba ta kai ƙasa ba. Cikin dukan labarin, wannan ƙiftawar ido ya zaɓa.

In an jera su biyu, sai a ga Karabajo tsoron yaro ya sa a gaba, Rembarant kuwa nauyin da ke kan uba, wanda hannunsa guda ke aikata umarni, ɗayan yana rufe fuskar da ba zai iya duba ba. Nassi guda suka karanta, tafsiri biyu suka fitar. Da a ce sura kamanni ce ta gaskiya, da ba su saɓa ba.

Su Ma Sun Yi Gardama

Kada mu zaci ƙyamar sura a wurin ibada mu kaɗai muka san ta. Kirista kansu sun yi ta faɗa a kanta, gama cikin dokoki goma da ke Attaura akwai hani ga yin gunki. A daular Rumawan gabas, mai hedkwata a Kustantiniya, sarakuna sun hana surori tun wajen 726, taron Nikiya na 787 ya komo da su, aka sake hanawa, ba a daidaita ba sai 843. Bayan da Furotesta suka ɓalle daga Katolika cikin ƙarni na 16, mabiyan Kalbin suka ce surori a majami'a bautar gumaka ce. Manyan Katolika a taron Tirento, cikin 1563, suka amsa cewa ba a bauta wa sura, girmamawar tana komawa ga wanda aka zana, sura kuma don koyarwa ce. Cikin watan Agusta 1566 jama'a suka tashi a Filandas da Holan, suka bi majami'u suna farfasa gumaka suna ƙona alluna. Allon Gent da muka ambata ya tsira ne don an kwakkwance shi an ɓoye a hasumiyar majami'a kafin masu farfasawa su iso. Ya kuma sha waɗansu wahalai daga baya: an sace ɓangare guda a 1934, 'yan Nazi suka kwashe saura lokacin yaƙin duniya na biyu, sai a 1945 aka fito da shi daga ramin haƙar gishiri a ƙasar Ostiriya.

Wannan rigima ita ta sa Rembarant, da ya ke a ƙasar Furotesta ya zauna, inda aka bar bangon majami'u fari, zane-zanensa na labarun Baibul galibi gidajen mutane da fadar masu mulki suka shiga, ba wurin ibada ba.

Abin Da Za Mu Ce Wa Yaro

Hukuncin yin sura da rataya ta, wannan na malaman fiƙihu ne, mun kuwa san abin da suka karantar da mu, ba mu zo canza shi ba. Mu ba ma siffanta annabawa, amincin Allah ya tabbata a gare su, ba ma siffanta mala'iku. Amma sura da ta riga ta shigo cikin littafin aji, yaro ya riga ya gan ta, aikin malami ne ya hana ta zama masa ɗaya daga abu biyu: ko ya ɗauke ta gaskiya, ta zauna masa a zuci duk sa'ad da aka ambaci Jibrilu, ko ya ɗauki masu ita mahaukata, ya tashi da raina mutanen da zai zauna da su a kasuwa da ofis. Dukansu biyu rashin sani ke kawo su, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Shawararmu ita ce, in yaro ya yi tambayar nan, mu amsa masa da gaskiya: “A'a, ɗana, wanda ya zana wannan bai taɓa ganin mala'ika ba, shi ma bai ce ya gani ba. Wani saurayin garinsu ya zana, ya sa masa fukafukai don waɗanda ba su iya karatu ba su gane manzo a ke nufi.” Sa'an nan mu koya masa tambaya huɗu da zai yi wa kowace sura irin wannan. Wane labari ne, daga wane littafi? Wane lokaci guda mai zane ya zaɓa daga cikinsa? Mene ne ya ƙara wanda ba ya cikin labarin, don me kuma? Mene ne a ciki na ƙasarsa da zamaninsa, kamar tufafi da gini da fuskokin mutane? Yaron da ya iya waɗannan huɗu zai iya yi wa hoton jarida da na talla irinsu, ba kuwa za a ruɗe shi da sauƙi ba.

Akwai kuma abin da mu masu koyon malanta za mu ɗauka don kanmu. Mutanen nan sun tsaya gaban jama'ar da ba ta iya karatu, suka yi tunani mai zurfi a kan wane abu guda za a nuna don labari duka ya zauna a zuci. Mu ma kullum safiya irin wannan tambaya ke jiranmu gaban yara talatin ko arba'in: cikin darasin nan duka, ina wuƙar da ke tsakanin sama da ƙasa?

Wanda ya ga kuskure cikin abin da muka rubuta, daga malamanmu ko 'yan'uwanmu ɗalibai, muna roƙo ya gyara mana a fitowa ta gaba. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.